Abin da Na Je Ingila Nema wa Yaya Nura

Ɗakin da na biya kuɗin hayarsa tun ina Kazaure, da na isa sai na tarar da wani ƙaton Bature a ciki, daga shi sai gajeren wando, yana soya ƙwai. Na nuna masa hoton ɗakin a wayata. Ya duba, ya ce ɗakin dai shi ne, amma ya daɗe a cikinsa, kuma ba ni ce ta farko da ta zo masa da wannan hoton ba. Na kira dillalin da ya haɗa ni da ɗakin, wani ɗan ƙasarmu mai zaƙin baki da kullum yake ce mini 'yar'uwa, na ji waya a kashe. Har yau a kashe take. Haka na fara zama a wani gari na arewacin Ingila, tsaye a bakin titi da akwatunana da ƙullin kuka da daddawa, ruwa yana tsuga a kaina.

Sunana Rabi, ma'aikaciyar jinya ce ni a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Tallafin karatu na samu na shekara guda, in koyo yadda ake yi wa mutum maganin damuwa ta hanyar zama da shi ana tattaunawa. Wannan shi ne abin da na faɗa wa masu ba da biza. Abin da ke raina kuwa, Yaya Nura ne.

Yaya Nura shi ne ɗan farin Innarmu. Ya haura talatin, yana gyaran injin ban ruwa a wata rumfa a ƙofar gidanmu, kuma manoman rani daga Gwiwa har Babura sun san hannunsa. Tun yana yaro ba ya kallon mutum a ido, ba ya son hayaniya, ba ya son a taɓa shi, in kuwa ka sauya wa sufanarsa wuri ka ja wa kanka. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce galahanga. Sai bayan na fara aikin asibiti wani likita ya duba shi ya ce otizim ne, haka Allah ya halicce shi, ba hauka ba ce. Duk wannan da sauƙi. Matsalar ita ce fushinsa. In abu ya taru masa sai ya fashe da ihu, ya yi jifa da abin da ke hannunsa, ya dinga buga kansa da bango. Mu kuma sai mu yi abin da kowane mutumin kirki yake yi a garinmu: a rugo, a kewaye shi, wannan ya riƙe hannu, wancan ya riƙe kafaɗa, kowa yana "yi haƙuri, Nura, yi haƙuri, kai fa babba ne." Ana gab da tafiyata, a cikin irin wannan riƙon ya ture wani dattijo maƙwabcinmu, dattijon ya faɗi ya karye a hannu.

Baffa Isiyaku, ƙanen mahaifinmu da ke Roni, wanda maganar gidanmu ta koma hannunsa tun rasuwar Baba, ya yanke hukunci. Za a kai Yaya gidan wani malami inda ake sa wa irinsu mari a ƙafa har su natsu. Inna ba ta hana ba. A gidanmu uwa ba ta ko kama sunan ɗan fari, balle ta tsaya masa a gaban ƙanen mijinta. Ni ce na durƙusa na roƙa a jira in je in dawo. Baffa ya ce, "Na ba ki shekarar. Amma in ya ƙara, ba sai na jira ki ba."

Wadda ta tsince ni a bakin titin nan wata 'yar Somaliya ce mai shagon kayan miya, Anti Faduma. Hijabina ta hango ta yi mini sallama, ta ji labarina, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke wawa ce? Wa yake biyan ɗakin da bai gani ba?" Sannan ta miƙo mini shayi mai zafi, ta ja akwati ɗaya da kanta. Ta sauke ni a wani ɗan ɗaki a saman shagon, tsakanin buhunan shinkafa. Ban taɓa ganin mace mai faɗa da kirki a lokaci guda irinta ba. Ita ta koya mini cin shinkafa da ayaba, abin da har yanzu nake ɓoyewa in na yi a gida.

Sanyin ƙasar bai ba ni mamaki ba, an gaya mini. Abin da ba a gaya mini ba shi ne mutanen. Mutum zai yi miki murmushi alhali ba ya nufin komai. Zai tambaye ki lafiya, kina buɗe baki ki ba shi amsa ya riga ya sha kwana. Na taɓa tsayar da wani tsoho mai zuwa shagon na gaishe shi gaisuwa ta mutunci, na tambayi iyali da gajiya da sanyi, sai na ga ya dafe aljihunsa. A aji kuma malami ya ce ra'ayina yana da ban sha'awa, na kwana biyu ina jin daɗi, ashe nufinsa na yi shirme. Kullum da ciwon kai nake komawa, don na wuni ina cankar abin da fuskokin mutane ke nufi. Ga kewar 'ya'yana da na bari wurin babansu, ga kewar kiran salla da ba na ji sai a waya.

Wata rana na shiga wani katafaren kanti. Fitilu suna kashe ido, kiɗa yana tashi, na'urar biyan kuɗi tana ta ƙara tana maimaita mini magana ɗaya, ga layi a bayana ana tsaki. Ban san lokacin da na yar da kwandon na fita a guje ba, ina jin in wani ya ce mini kanzil zan iya shaƙe shi. Ina tsaye a waje ina haki Yaya ya faɗo mini a rai. Ni wata uku kawai na yi a cikin wannan hali har na kusa zarewa. Shi kuwa a haka yake tun haihuwa, a garin ubansa, cikin 'yan'uwansa.

Zango na gaba shi ne wata cibiya da aka tura ni koyon aiki, inda manya masu otizim ke zuwa. Shugabata a wurin Margaret ce, wata gajeriyar mata mai furfura wadda ba ta iya kwana-kwana ba. Ranar farko ta ce duk abin da aka koya mini a aji na zama fuska da fuska, da kallon ido, da tambayar "yaya kake ji a ranka", in ajiye shi a bakin ƙofa. Ta ce da yawa daga cikin masu zuwa wurin ba sa gane fushi yana taruwa sai ya riga ya fashe, don haka tambayar ba ta da amsa a wurinsu. A ɗakinta kujeru a jere suke, ba sa kallon juna. Haske kaɗan ne. Kowane mako rana ɗaya, lokaci ɗaya, kuma tun kafin a fara ake gaya wa mutum abin da za a yi. Daga jiki ake somawa: ina ne yake fara ɗaurewa, ina ne yake fara zafi. Sannan a nemo abin da mutum ya fi ƙauna a duniya, a yi masa bayani da shi.

A nan na san Colin. Ya kai arba'in, yana aiki a wani rumbun ajiyar kaya, kuma babu motar bas a garin da bai haddace lokacinta ba. Ana shirin korarsa daga aiki saboda fushi. Na yi makonni ina zaune a gefe ina saurare, har ya saba da ni. Ran nan Margaret ta ɗan fita amsa waya, sai magina suka kunna injin huda bango a ginin da ke jikin namu. Colin ya toshe kunnuwa, ya fara gaba da baya a kan kujera yana gurnani.

Jinin Kazaure ya motsa. Na tashi da sauri na dafa kafaɗarsa, na sunkuyo daidai fuskarsa ina jera masa haƙuri, sannu, yi haƙuri, ba komai, yanzu za su daina. Ihun da ya kurma har yau yana kunnena. Ya share duk abin da ke kan tebur, ya miƙe ya buga goshinsa da ƙofa har jini ya fito. Margaret ta shigo, ta nuna mini bango da yatsa in koma can, ta kashe fitila, ta zauna a ƙasa can nesa da shi ta yi gum. Aka aika magina suka tsaya. Ba a jima ba numfashinsa ya fara daidaita.

Bayan ya tafi ta tsare ni. "Me kika yi masa?"

Na ce, "Haƙuri na ba shi."

"Da hannu?"

"Haka muke yi a wurinmu. Ba ma barin mutum shi kaɗai cikin tashin hankali."

Ta ce, "Mutum yana nutsewa a ruwa, kika ƙara masa bokiti guda." Ta dakatar da ni daga shiga ɗakin har sai an zauna a kaina, kuma ta gaya mini ƙarara cewa in ba a mayar da ni ba, babu takardar shaida. Na fita raina a ɓace, ina cewa a zuci mutanen nan ba su san tausayi ba, kare ma sun fi lallashinsa. Amma kafin in kai gida jikina ya yi sanyi. Na dinga tuno duk ranar da Yaya ya yi ɓarna, ban samu ko ɗaya da ba a riƙe shi ba.

A makon nan ne Inna ta kira ni, ina zaune a tashar bas kusa da cibiyar. Ta ce, "Yayanku ya sake. Wani ne ya zo karɓar inji ya sa hannu a kayansa. An taru an riƙe shi, ya ƙwace ya fasa gilashin motar mutumin. Baffanku ya ce ranar Juma'a zai aiko a tafi da shi."

Na kifa kai a gwiwa na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba. Can sai na ji an zauna a kan bencin, an bar tazarar mutum ɗaya tsakaninmu. Colin ne, da filasta a goshi. Bai dube ni ba, bai ce mini komai ba, titi kawai yake kallo. Na yi kukana har ya ƙare don kansa. Sai a lokacin ya ce, "Motarki ta wuce. Wata tana zuwa."

Na ce masa ya yafe mini abin da na yi.

Ya ce, "Kin yi magana da yawa. Kuma kin taɓa ni. In abin ya zo, kowace kalma ciwo take yi mini. So nake a matsa, a yi shiru. Yana wucewa."

Na ba shi labarin Yaya. Ya tambaye ni mutum nawa ne suke riƙe shi, na ce duk wanda yake kusa. Ya ce, "Da ni ne, ba gilashi kaɗai zan fasa ba." Daga baya na ji shi da kansa ya je ya ce wa Margaret a dawo da ni, wai yanzu na sani, in aka kawo sabuwa sai an sake daga farko.

A wannan yammacin na kira Baffa. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baffa, riƙon da muke yi masa ne yake ƙara tunzura shi."

Ya ce, "Au, wato mu ne mahaukatan ke nan, Rabi?"

Na rantse ba haka nake nufi ba. Na yi bayani, na yi magiya, na haɗa shi da darajar marigayi. Na roƙa kafin in dawo a daina barin mutane suna cika rumfar, mai gyara ya ajiye injinsa ya tafi. Da ƙyar ya sauko. Ya ce, "In kin dawo ki gwada naki na Turawan. Ni kuma zan zo da mota in gani da idona. In ban ga canji ba, da shi zan tafi."

Sauran watannin na yi su da ƙwazon da ban san ina da shi ba. Da fitilun kan titi muka yi wa Colin bayani, kore da ruwan ɗorawa da ja. Ya gano cewa muƙamuƙinsa ne yake fara ɗaurewa, ya koyi fita waje tun abin yana ruwan ɗorawa, kuma ba a kore shi daga aikin ba. Na karɓi takardata. Ranar da zan taho Anti Faduma tana kuka tana zagina, wai ban iya ɗaure akwati ba.

Da na dawo Kazaure sai na tarar rabin abin da na kwaso ba zai zauna a gidanmu ba. Na zo da katuna masu zanen fuskoki, mai fushi da mai murna da mai tsoro. Yaya ya jujjuya su ya ce, "Waɗannan su wane ne?" Samun ɗaki mai shiru kuwa, a gidan da akwai yara da awaki da rediyo da injin niƙan maƙwabta, ai zance ne. Sai na ajiye katunan, na koma zama a gefensa a rumfa bayan la'asar, ina miƙa masa sufana, ba na kallonsa.

Wata rana na ce, "Yaya, ta yaya kake gane inji zai ba da matsala?"

Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ƙara tana sauyawa, jiki yana ɗaukar zafi, wari yana fitowa. Na ce to sai a yi me. Ya ce, "A kashe shi, a bar shi ya huce. Masu gaggawa su ne suke lalata inji."

Na ce, "Kai fa, Yaya? Kafin abin nan ya zo maka, me yake fara sauyawa?"

Sai bayan kwanaki, yana tsakiyar wanke fulogi, ya ce, "Kunnuwana ne suke fara zafi. Sai hannu." Daga nan muka samu bakin zaren. Muka tsayar da maganar da zai faɗa in ya ji kunnuwan, muka zaɓi inda zai je, wata tsamiya a gindin dutsen da ke bayan unguwarmu. Muka dinga gwadawa a ranakun da yake lafiya lau, ya faɗa, ya tashi, ya je, ya dawo. Ba kullum aka dace ba. Akwai ranar da abin ya riga shi, ya yi jifa da guduma, Allah ya sa ba ta sami kowa ba.

Aikin da ya fi ba ni wuya ba Yaya ba ne, mutanen kirkin unguwarmu ne. Gida-gida na bi ina roƙo, in sun ji ya fara kada su zo, in suna kusa su ja baya su yi shiru. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Mutum yana cikin masifa mu zuba masa ido? Rashin imanin Turawa kika je kika kwaso mana, 'yar nan." Na ce, "Iya, wallahi ni ma haka na ce. Sai da na fasa wa wani bawan Allah goshi na yarda." Wasu suka gane, wasu suka bi ni da to kawai.

Baffa bai sanar da ranar zuwansa ba. Da hantsi kawai muka ga mota ta tsaya a ƙofar gida, ya fito da wasu majiya ƙarfi biyu. Ko zama bai yi ba ya ce, "Nura, tashi. Za mu je Roni, daga nan a kai ka wurin malam." Ɗaya daga cikin mutanen ya buɗe buhu ya fara kwashe sufanun da ke jere a kan tabarma yana zubawa.

Babu abin da bai haɗu ba: zuwan ba-zata, da baƙi, da taɓa kayansa. Na ga hannuwan Yaya suna rawa, na ji gurnanin nan ya fara. Maƙwabta suka soma matsowa, mutanen Baffa suka yar da buhu suka nufo shi. Sai muka ji murya daga bakin zaure.

"Kada wanda ya taɓa mini Nura."

Inna ce, tsaye da mayafinta. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Kowa ya tsaya cak, har Baffa. Wurin ya yi tsit.

Yaya yana kallon ƙasa, gumi yana zuba daga goshinsa, ya buɗe baki da ƙyar. "Baffa, inji ya ɗau zafi. Zan je in huce in dawo."

Tsohuwar nan da ta ce na kwaso rashin imani ita ta fara ja da baya, sauran suka bi. Hanya ta buɗe, ya wuce ta tsakiyarsu ya nufi dutse.

Baffa ya ce, "Shi ke nan, ya gudu."

Na ce, "Zai dawo, Baffa." Na faɗa ne kawai, ba ni da tabbas. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa, ya ƙi sha. Yana duba agogo, ni ina duba hanya, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Sai ga shi ya ɓullo, ya wanke fuska, tafiyarsa daidai. Ya zo gaban Baffa ya durƙusa. "Baffa, ina kwana. An zo lafiya? Ya mutanen Roni?" Baffa ya amsa a hankali. Yaya ya ce, "Ba na son zuwa wurin malam. Ina da aikin mutane ban gama ba. Kuma a ba ni kayana."

Baffa ya juya ya ce wa mutanensa su miƙa buhun, su je mota su jira shi. Ya ɗauki kofin ruwan nan ya shanye. Ni dai ban san lokacin da na shige zaure na rungume Inna ba, muna dariya muna hawaye. Daɗin da na ji a ranar ya shafe sanyin Ingila da dillalin da ya cuce ni da komai.

Da zai tafi ya yafito ni gefen rumfa, ya rage murya. Ya ce akwai ɗan wani amininsa a Roni, shi ma magidancin mutum, ya daɗe a ɗaure a wani ɗaki a bayan gida. Ya ce yadda ake ba da labarinsa, kusan irin na Nura ne. "Ko za ki leƙa, Rabi?"

Kafin in amsa, Yaya, wanda yake tsugune yana mayar da sufanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

"Ku je ku biyu kawai. Ku gaya masa ranar tukuna. In ya fara, kada ku ba shi haƙuri."

Baffa ya gyara zaman hularsa ya ce, "To, Nura. Mun ji."